Toshewar tururi a hanyar mai ta jiragen sama ƙirar gida

A ƙasashe irin su Faransa da Amurka akwai mutanen da ke ƙera ƙananan jiragen sama da hannunsu, a gareji ko a bayan gida. A Faransa Henri Mignet ne ya yaɗa wannan aiki a shekarun 1930 da jirginsa Pou-du-Ciel. A Amurka kuwa ƙungiyar EAA, wadda aka kafa a 1953, ita ke tattara su. Mai ƙera irin wannan jirgi shi ke tsara hanyar da mai zai bi daga tanki zuwa inji. A cikin wannan ɗan rubutu za mu duba matsala guda da ke tasowa a wannan hanya, wadda ake kira bouchon de vapeur da faransanci, mu kuma za mu ce mata toshewar tururi.

1. Yadda abin yake faruwa

Isansi gauraye ne na sinadarai da yawa, kuma marasa nauyi a cikinsu ba su da wuyar tafasa: butan yana tafasa wajen digiri 0, izopentan wajen digiri 28. Abin da ke riƙe su a matsayin ruwa shi ne matsin da ke kansu. In zafi ya ƙaru, ko matsi ya ragu, sai kumfar tururi ta taso a cikin tuyo. Famfon mai an yi shi ne don ruwa. In ya haɗu da tururi sai ya yi ta bugawa a banza, karbureta ta bushe, inji ya yi tari ya mutu. Tsofaffin direbobin 404 da 504 sun san wannan ciwo, su da ke ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfo da rana tsaka. Sai dai matuƙin jirgi ba ya da gefen hanya da zai faka.

Ana auna saurin tururin mai a digiri 37,8. Man jirgi 100LL yana tsakanin kPa 38 da 49. Isansin mota na Turai yana kai 60 a lokacin zafi, na lokacin sanyi kuma yana iya kai 90, kuma ƙara masa etanol kashi 10 cikin ɗari na ƙara ɗaga shi. Matsin iska kuwa kPa 101 ne a bakin teku, amma a tsayin mita 3000 bai wuce kusan 70 ba. Ke nan jirgin da ya sha isansin mota mai ɗumi ya hau sama da sauri, shi da kansa ya kusantar da mansa ga tafasa.

2. Inda ya kamata a sa ido

A ganinmu mafi yawan maganin yana wuri guda: tsakanin tanki da bakin famfo. Bayan famfo mai yana cikin matsi, da wuya ya tafasa. Gabanin famfo kuwa tsotso ake yi, kuma tsotso rage matsi ne. Duk abin da ya wahalar da tsotso, wato siririn tuyo, kwana mai kaifi, matata mai ƙananan ƙofofi ko wadda ta cika da datti, yana ƙara rage matsin. Jirgi mai fukafukai a sama yana da sauƙi, don nauyin mai ne ke gangaro da shi. Mai fukafukai a ƙasa, kamar jiragen RV na kamfanin Van's, famfon inji ne ke jawo man zuwa sama. Shi ya sa ake sa masa famfon lantarki a ƙasa, kusa da tankuna, a wuri mai sanyi, domin ya tura mai gaba. Kada tuyo ya hau ya sauko, don a ƙololuwar ne kumfa ke maƙalewa.

Sai batun zafi. A ɗakin inji a nisanta tuyo daga bututun hayaƙi, a sa masa rigar da ke tare wuta, a kuma jawo ƴar iska mai sanyi zuwa kan famfo da matata. Lokacin da ya fi haɗari ba tsakiyar tafiya ba ne. Shi ne in an sauka, an kashe inji na ƴan mintoci, iska ta daina ratsawa, zafin ƙarfe ya dafa man da ke tsaye a tuyo. Abin da ya rage a karbureta zai isa a tada inji, har a ɗaga, sa'an nan kumfa ta iso jirgi yana ƴan mitoci bisa ƙasa.

Masu injin Rotax 912 suna da wata dabara da kamfanin da kansa ya tanada: siririn tuyo mai ƴar ƙofa ta kusan milimita 0,35, wanda ke maida ɗan mai da tururi zuwa tanki, don kada mai ya tsaya wuri guda ya yi zafi. Allurar matsin mai kuma in ta fara rawa, ko ta yi ƙasa da bar 0,15 a wannan inji, a kunna famfon lantarki nan take.

3. Gwaji kafin tashin farko

Ƙa'idar Amurka ta ƙananan jiragen masana'anta, kafin sake ta a 2017, ta buƙaci hanyar mai ta bada kashi 150 cikin ɗari na abin da inji ke sha wajen tashi in nauyi ne ke gangaro da man, ko 125 in famfo ne. Masu ƙirar gida sun ari wannan ma'auni: a ɗaga hancin jirgi kamar yana hawa, a bar mai kaɗan a tanki, a cire tuyo daga karbureta, a auna da bokiti da agogo. Ƙa'idar ta kuma ce a gwada da man da aka ɗumama zuwa digiri 43. A can wannan zafi ne na gwaji. A Yamai ko Tawa, a Afirilu da Mayu, tankin da ya wuni a rana yana iya wuce shi kafin a tada inji.