Shirin Musamman: Bizar Karatu a Birtaniya, Samunta da Riƙe Ta

Shirinmu na yau zai leƙa Birtaniya, inda a 'yan shekarun baya ɗaliban Najeriya suka zo na uku a yawan baƙin ɗalibai, bayan Indiya da Sin.

Takardar shiga jami'a ita kaɗai ba ta kai ɗalibi Landan. Sai jami'ar ta ba shi wata lamba da ake kira CAS, wadda ke shaida wa ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya cewa ta karɓe shi, kuma ita ce ta tsaya masa. Da wannan lamba ake cike takardar neman biza ta intanet, kuma ana iya farawa tun saura wata 6 a soma karatu. Yawanci amsa kan fito cikin mako 3 bayan an ɗauki zanen yatsu.

Inda gizo ke saƙar shi ne batun kuɗi. Dole ɗalibi ya nuna yana da ragowar kuɗin makaranta na shekarar farko, haɗe da kuɗin ci da sha da haya na wata 9. A farkon 2025, an ƙayyade Fam 1,483 a wata ga mai karatu a Landan, Fam 1,136 ga na sauran garuruwa. Kuɗin kuma sai sun kwana 28 a jere cikin asusun banki. Idan suka gaza adadin ko da na yini ɗaya ne, ana iya ƙin ba da bizar. Ga wani tarko da ke kama mutanenmu: a al'adarmu kawu ko yaya kan ɗauki nauyin karatun yaro, amma ma'aikatar ba ta karɓar asusun kawu. Tana duba asusun ɗalibin ne, ko na iyayensa ko waliyyin da doka ta san da shi.

Bayan haka akwai gwajin tarin fuka a asibitocin da aka amince da su, kamar cibiyoyin hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, a Abuja da Legas, sai kuɗin kula da lafiya, Fam 776 a kowace shekara tun Fabrairun 2024.

To, samun biza wani abu ne, riƙe ta kuma wani abu daban. Bayan da gwamnatin Najeriya ta saki farashin Naira a Yunin 2023, Dala ta tashi daga kusan Naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Ɗaliban da ke biyan kuɗin makaranta kashi-kashi suka wayi gari tanadinsu ya narke. A Mayun 2024, wasu 'yan Najeriya a Jami'ar Teesside da ke Middlesbrough sun yi zanga-zanga bayan an dakatar da su saboda bashi, aka kuma umarce su da su bar ƙasar. Dalili kuwa, da zarar jami'a ta janye tsayawar da ta yi wa ɗalibi, doka ta wajabta mata sanar da hukuma, kuma galibi akan rage wa'adin bizar zuwa kwana 60.

Aiki ma da iyaka: awa 20 a mako a lokacin zangon karatu, kuma ba a yarda ɗalibi ya buɗe sana'ar kansa ba. Tun Janairun 2024, mai digiri na biyu na zaman aji ba ya tafiya da iyalinsa, sai masu karatun bincike irin digirin digirgir, da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu.

Wanda kuma karatunsa ya zarce wa'adi, sai ya nemi sabuwar CAS ya cike takardar ƙarin lokaci kafin tsohuwar bizar ta ƙare.

Jama'a, a nan za mu dasa aya. A huta lafiya.