Gafiya Da Ajiyarta



Kowa ya san karin maganar nan da ake cewa: gafiya, tsira da na bakinki. To, ko kun taɓa tambayar kanku mene ne na bakin nata? Yau shi za mu duba, domin sau da yawa hatsinku ne.

Gafiya tana da jaka biyu cikin baki, ɗaya a kowane kunci. In ta iske abinci, ba ta zama ta cinye nan take. Cusawa take yi cikin jakunkunan har fuskarta ta kumbura. Sai ta ruga rami, ta zazzage, ta komo. Haka za ta yi ta kai da kawowa har asuba. Babbar gafiya takan kai nauyin kilo 1, wata ma ta fi. Amma abin da take kwashewa ya fi abin da cikinta ke ɗauka nesa ba kusa ba.

Mu yi ɗan lissafi. A ce gafiya guda ta kwashe rabin tiya a sati. Daga girbi zuwa shuka wata 8 ne, wajen sati 34 ke nan. Rabi sau 34, tiya 17. Buhun kilo 100 tiya 40 yake ci. Kun gani, an doshi rabin buhu, kuma gafiya guda muka lissafa.

Ina yaro, mun taɓa haƙa ramin gafiya a bayan dangarmu. Mun sha wuya, don ramin yana da ƙofa fiye da ɗaya, ita kuwa ta fice ta baya ta bar mu da gumi. Amma abin da muka gani ban manta ba. Ga wurin kwana, an shimfiɗa busasshen ganye. Ga wurin ajiya, gujiya da wake sun kusa cika ƙwarya, har da maballin riga da dala guda ta ƙarfe. Can gefe kuma ga tarin kashinta, wuri guda. Wato tana da ɗaki, tana da rumbu, tana da makewayi. Wani magidancin ma bai kai ta tsari ba.

Ku riƙe halayen nan biyu: ajiya, da kashi wuri guda. Ba gafiya kaɗai ke da su ba.

A Turai da Amurka akwai wata ƴar dabba da yara ke kiwo cikin keji, kamar yadda yaranmu ke kiwon zomo ko tantabara. Sunanta hamsta. Ba ta fi cikin tafin hannu ba, gashinta ruwan zinariya, wutsiyarta guntuwa. Asalin wadda aka fi kiwo daga Siriya ne. A 1930 aka tono wata uwa da ƴaƴanta a gona kusa da birnin Halab, kuma daga zuriyarsu aka fara yaɗa ta cikin duniya. Ita ma jaka biyu gare ta a kunci, masu kaiwa har kafaɗa. Jamusawa ma in mutum ya cika ɓoyon kaya, da sunanta suke kiran wannan hali.

Masu kiwonta suna cewa sun koya mata shiga makewayi. Ku ji yadda ake yi. Mai ita zai zuba ido kwana biyu ko uku, ya ga kusurwar da take fitsari, domin kusan kullum kusurwa guda take zaɓa, nesa da wurin kwananta. Sai ya ajiye ƴar tasa da yashi mai tsabta a daidai wurin. Ya ɗebo kaɗan daga shimfiɗar da ta jiƙe da fitsari ya sa ciki. Da ta ji warin, nan za ta riƙa komawa. In ya kai tasar wata kusurwa da shi ya ga dama, aikin banza ya yi. Ni dai a ganina ba shi ya koya mata ba, ita ta koya masa.

Haka batun ajiyarta. In mai kiwo ya zo shara ya kwashe duk abin da ta ɓoye, hankalinta tashi yake, ta ƙara himmar ɓoyo. Saboda haka ɗanyen abu kawai ake cirewa, kamar ganye ko karas, don kada ya ruɓe. Busasshiyar ƙwaya a bar mata.

Gafiya ma tana jin horo, har fiye da haka. A Morogoro, ƙasar Tanzaniya, wata ƙungiya mai suna APOPO, wadda aka kafa a Beljiyam a 1997, tana horar da wata gafiya ƴar uwar tamu. Idonta ba shi da ƙarfi, amma hancinta ba dama. Ana koya mata sansano nakiyar da aka binne lokacin yaƙi. In ta gano, a ba ta ayaba ko gujiya. Ba ta da nauyin da zai tayar da nakiyar. Sun yi aiki a Mozambik da Kambodiya, har wani namiji mai suna Magawa ya sami lambar zinariya a 2020. Da hancinta da kwaɗayinta aka yi aikin, ba da sanda ba.

To, mu komo gida. Mu a ƙasar Tasawa da ta Mayahi ba kiwon gafiya ne ya dame mu ba, rumbu ne. Amma dabarar ɗaya ce: ka san halin dabba kafin ka tare ta.

Ku fara da sawu. Ƙasarmu jigawa ce, yashi ba ya ɓoye sirri. Da yamma ku share kewayen rumbu, ku lallaɓa yashin ya kwanta. Da sassafe, kafin kaji su fito, ku je ku duba. Za ku ga sawun ƙafa, da layin da wutsiya ta ja. Ku bi shi. Gafiya hanya guda take bi kullum, a gindin danga ko katanga. Inda kuka ga tarin kashi baƙi, dogo kamar ƙwallon dabino ƙarami, ramin ba shi da nisa. Ku duba tsohon suri, da gindin itace, da ƙarƙashin tarin kara. Waɗanda ke bakin Gulbin Kaba su duba cikin kaba. A kan wannan hanya ake ɗana tarko, ba tsakiyar fili ba. Kuma dare biyu na farko ku sa gujiya ba tare da kun ɗana ba, sai ta saba.

Yanzu ga inda nake so ku natsu sosai: maganar guba. Mutum yakan sayo maganin kusu a kasuwa, ya cuɗa da hatsi, ya watsa gindin rumbu. Ya manta gafiya ba nan take ci ba. Kwashewa za ta yi ta kai rami. Hatsin nan mai guba zai zauna cikin ajiyarta, haɗe da mai kyau. Gobe yara su haƙa ramin, su ɗebo gujiya su ci. Ko su kama gafiyar da ta ɗanɗana maganin, tana tangaɗi, su gasa. Abin da ta zubar a hanya kuma kaji da zabi su tsince. Wanda zai sa magani, ya fara neman shawarar malamin gona, ya kuma sanar da maƙwabta da yaran unguwa. Ni dai tarko na fi yarda da shi. Hayaƙi a rami kusa da rumbu kuwa, kada ku soma. Rumbun kara da wuta ba su haɗa hanya ba.

Ko ba guba, abin da aka tono daga rami ba abinci ba ne. Fitsarin kusu da kashinsa suna ɗauke da cuta. Zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lasa cikin Borno, ta haka yake kama mutane a Najeriya: wani ƙaramin kusun gida ne ke ɓata abinci da fitsarinsa. Uwargida, ki rufe tukunya da tulu kafin ki kwanta. Yaron da ya taɓa gafiya ya wanke hannu da sabulu. In ta cije shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a kai shi gidan likita ran nan.

Shi kuwa rumbun, ku ɗora shi bisa duwatsu ko gumagumai, yadda za ku iya leƙa ƙarƙashinsa, kyanwa ma ta iya shiga. Ku nome ciyawa taku uku ko huɗu kewaye da shi. Kada reshe ko danga su taɓa shi, kuma kada ku jingina tsani ku tafi ku kwana. Masu zuba wake cikin buhun nan mai riɓi uku, ku tuna ƙwari yake kashewa, don iska ba ta shiga. Haƙorin kusu kuwa ba ruwansa da leda, kuma in ya huda ta sau ɗaya, buhun ya tashi aiki. Ku ɗora shi bisa katako, ku janye shi daga jikin bango da taƙi biyu. Irin shuka kuma ku zuba shi cikin gwangwani mai murfi, ko tulun da aka liƙe bakinsa da laka.