Dakarun Unguwa a Habasha Zamanin Derg

Ran 12 ga Satumba na shekarar 1974, sa'ad da kwamitin sojan nan da ake kira Derg ya tuɓe Sarki Haile Selassie daga gadon sarautar Habasha, hafsoshin da suka yi wannan aiki sun sami kansu riƙe da daula mai faɗi, mai yawan ƙabilu da harsuna, alhali ba su da jam'iyya, kuma ba su amince da hakiman da suka gada daga tsohuwar gwamnati ba. To, da yake mulki ba ya tsayuwa sai da wanda zai kai umurni har ƙofar gidan talaka, sai suka nemo masu kai shi daga cikin talakawan kansu. A watan Maris na 1975 aka ƙwace gonaki daga hannun masu ƙasa, aka danƙa rabonsu ga ƙungiyoyin manoma. A watan Yuli kuma aka mai da filayen birane da gidajen haya mallakar hukuma, aka kasa kowane birni unguwa-unguwa, kowace da kwamitinta mai suna kebele.

Babu mai adalci da zai musa cewa farkon al'amarin akwai alheri a cikinsa. Manomin kudancin ƙasar, wanda ya tashi ya tarar da iyayensa suna miƙa babban rabo na amfanin gonarsu ga wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, ya wayi gari babu mai binsa kome, ɗan haya kuma a Addis Ababa aka rage masa kuɗin ɗaki. Sai dai ikon kebele ya yi ta ƙaruwa, har ya kasance ita ce mai ba da gida da karɓar haya, ita ce mai sayar da kayan masarufi a kantinta, tana da kotunta, tana da kurkukunta. Kana daga bisani, da fitina ta tashi tsakanin Derg da jam'iyyar EPRP, wadda ita ma 'yar gurguzu ce kamar Derg, kuma ta shiga harbe magoya bayan gwamnati a tituna tun daga ƙarshen 1976, sai aka raba bindigogi ga dakarun da kowace unguwa ta ɗauka da sunan tsaron juyin juya hali.

Mengistu Haile Mariam ya kama ragamar mulki a Fabrairun 1977 bayan an kashe Janar Teferi Bante, kuma a watan Afrilu ya tsaya gaban dubban jama'a a babban dandalin birnin Addis Ababa, ya rotsa kwalabe cike da jan ruwa, yana nuna makomar maƙiyansa. Abin da ya biyo baya shi ne zamanin da gwamnatin da bakinta ta kira Jan Ta'addanci. Dakarun unguwa suka bi gida-gida suna bincike, aka kashe ɗaruruwan samari da 'yan makaranta a kwanakin bikin ranar ma'aikata na wannan shekara, aka riƙa yar da gawawwaki a bakin hanya, har iyaye suka riƙa biyan kuɗin harsashin da aka kashe ɗansu da shi kafin a ba su gawarsa su yi masa sutura.

A ganina mafi munin abin shi ne irin hannun da aka ba makamin. Sojan da aka kawo daga wani lardi baƙo ne, bai san ɗan wa ke fita da dare ba, bai san ɗakin da ake ɓoye takardu ba. Amma maƙwabci ya san duk wannan, ya kuma san wanda ya hana shi rance, da wanda ya riga shi neman aure, da wanda gidansa ya fi nasa kyau. Malaman fiƙihu tun tuni sun ƙi karɓar shaidar maƙiyi a kan maƙiyinsa, sun kuma hana alƙali yin hukunci a shari'ar da yake da rabo a cikinta, domin sun san halin zuciyar ɗan Adam in ta sami iko. A nan kuwa mutum guda ya zama shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali, shi ne hauni, kuma babu inda wanda aka zalunta zai ɗaukaka ƙara. Ɓarnar ta kai har Derg da kanta ta sa aka harbe Girma Kebede, shugaban kebele a Arat Kilo, saboda kashe ma'aikatan maɗaba'ar Berhanena Selam, cikinsu da mace mai juna biyu. Ita ma ƙungiyar Meison, wadda ta fi kowa matsa wa gwamnati a ba unguwanni makamai, ba ta tsira ba: ta ɓata da Mengistu a watan Agusta na 1977, aka kama jagoranta Haile Fida, daga baya aka kashe shi.

Wajibi ne a bambanta waɗannan dakarun unguwa da dubun dubatar manoman da aka horar a sansanin Tatek a wannan shekarar, waɗanda aka tura Ogaden sa'ad da Somaliya ta kawo yaƙi. Su dai soja suka fuskanta a fagen fama, da yawansu kuma can aka binne su.

Mengistu ya gudu Zimbabwe a Mayun 1991, kotun Habasha ta same shi da laifin kisan kiyashi a 2006 ba ya nan. Na ƙasa da shi ba duka suka sami irin wannan mafaka ba. Kelbessa Negewo, wanda ya shugabanci wasu unguwannin Addis Ababa a zamanin Jan Ta'addanci, ya kai Amurka yana aikin ɗaukar kayan baƙi a wani otal a Atlanta, sai wata ma'aikaciyar otal ɗin ta gane shi ne wanda ya sa aka azabtar da ita. Ita da wasu mata biyu suka kai shi kotu suka yi nasara a 1993, kuma a 2006 aka mai da shi Habasha, inda hukuncin ɗaurin rai da rai ke jiransa.