Gudun Tsauni, Gadon Makiyayan Ingila

A arewa maso yammacin Ingila, a yankin Cumbria mai tafkuna da tsaunuka, akwai wani gudu da ba ruwansa da kwalta ko filin wasa. Daga gindin dutse ake tashi, a haye ƙololuwa, a gangaro, a kama wani, cikin ruwan sama da hazo da taɓo. Makiyayan tumaki da 'yan jagora masu raka baƙi yawon tsauni su suka fara shi. Tun ƙarni na 19, a bikin ƙauyen Grasmere, in an gama kokawa sai samari su gwada wa zai riga taɓo kan dutse ya dawo.

Ƙarfin huhu kaɗai ba ya kai mutum ko'ina a nan. A dogayen tsere ba a shata wa kowa hanya. Wuraren da dole ka ratsa kawai za a faɗa maka, sauran kuma ya rage naka. Kowa na ɗaure da 'yar jaka a ƙugu mai taswira, kamfas, usur da rigar ruwa, domin hazo kan sauko har mutum ya kasa ganin na gabansa. Gwaninta kuwa a gangara take. Baƙo yakan taka birki, yana lallaɓawa, cinyoyinsa su mutu tun tafiya ba ta yi nisa ba. Ɗan gida sakin jiki yake yi, ya buɗe hannuwa, idonsa na can gaba, ya bar tsakuwa tana zamewa da shi. Wannan sani ne na wanda ya girma yana bin tunkiya a kan duwatsun.

Ma'aunin jarumtar 'yan wannan gudu shi ne zagayen Bob Graham. A 1932 wannan mutumin, mai gidan saukar baƙi a garin Keswick, ya taka ƙololuwa 42 cikin ƙasa da awa 24, tafiyar kusan kilomita 106. Sai a 1960 aka sami wanda ya maimaita, wato Alan Heaton. Har gobe ba kuɗi ake ci ba: dole abokai su raka ka su shaida kowace ƙololuwa, ladanka kuma takardar shaida.

Duk wanda ya san harkar, in ka ce ya ambaci gwarzo ɗaya, Joss Naylor zai ce. Makiyayi ne daga kwarin Wasdale, haifaffen 1936, dogo siriri, mai tafiya a ɗan rankwafe. Tun yana saurayi aka yi masa tiyata a gwiwa da gadon baya, irin jikin da likita zai ce a bi shi a hankali. Shi ne a 1975 ya haye ƙololuwa 72 kafin awa 24 ta cika. A 1986, yana da shekara 50, ya zagaye tsaunuka 214 na yankin cikin mako guda, takalmi na cin naman ƙafarsa. Da ya kai 70 kuma sai ya hau 70. Tsakanin wannan bajinta da waccan, yana wurin tumakinsa. Ya rasu a 2024.

Billy Bland, magini daga Borrowdale, ya yi zagayen Graham cikin awa 13 da minti 53 a 1982. Shekara 36 ba wanda ya kamo shi, sai da Kilian Jornet, ƙwararre daga Sifaniya wanda gudu ne abincinsa, ya zo a 2018. A ganina wannan tazarar ta fi kowane kofi faɗin matsayin Bland.

Mata ma ba a bar su a baya ba. A 2019 Jasmin Paris, likitar dabbobi, ta lashe tseren Spine mai mil 268 a tsakiyar hunturu, ta wuce maza da mata baki ɗaya, tana tsayawa a hanya tana tatsar wa jaririyarta nono. Awa 83 ta yi, ta rage fiye da awa 12 daga tarihin da namiji ya kafa kafin ita.