Abin da Dara Za Ta Koya wa Masu Ƙera Wasannin Kwamfuta

Akwai wani nau'in wasan yaƙi na kwamfuta wanda mai wasa ba ya taɓa dakarunsa da hannu. Umarni yake rubuta musu da harshen kwamfuta, ya sake su, su ci gaba da tafiya da faɗa ko da yana barci. Core War ta fito tun 1984, yau kuma akwai Screeps, wadda ake rubuta umarninta da JavaScript. Masu irin wannan wasa ba sa rabuwa da shawarwarin sauya dokar tafiya: a ƙara wa dakaru gudu, a bar su su yi tsalle, ko su ratsa juna. Hujjata ita ce, sabuwar dokar tafiya ba ta cancanci karɓa ba sai in ta sa kowane taku ya zama da tsada.

Duk wanda ya tsaya kan masu dara a inuwar bishiya a Karaye ko Rogo ya ga wannan. Gurabe 30 ne a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, wannan da tsinkaye, wancan da tsakuwoyi. In an gama dasawa, ɗa ba ya wuce gurbi ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ba ya karkata, ba ya tsallake wani. Sai ka jera uku kafin ka ci ɗan abokin karawa. Wannan ƙuncin shi ne daɗin wasan. Dattijo zai ɗora yatsa kan tsinke, ya daɗe bai ɗaga ba, domin ya san gurbin da zai bari ƙofa ce ga abokin hamayya. Da an halatta tsalle, da tarewa ta rasa amfani.

Screeps ma haka ta ginu. Kowace gaɓa ta jikin soja, ban da gaɓoɓin tafiya, tana jawo masa gajiya a duk taku: maki 1 a kan titi, 2 a fili, 10 a fadama. Kowace gaɓar tafiya tana sauke maki 2 a kowane zagaye, kuma soja ba ya motsi sai gajiyar ta ƙare. Saboda haka dole mai shiri ya zaɓa: ƙafa ko kaya, gajeriyar hanya mai taɓo ko doguwa mai tsandauri. Shawarar da ta dace da wannan tsari ita ce a shigo da yanayi: fadama ta bushe da rani, ta cika da damina, kamar yadda mai amalanken shanu a gefen madatsar Challawa yake sauya hanya in ruwa ya zauna. Shirin da ya haddace hanya ɗaya zai maƙale, wanda ya iya duba ƙasa kafin taku zai wuce.

Za a ce ai sakin linzami ma yana gyara wasa. Gaskiya ne, a ƙarshen ƙarni na 15 a Sifaniya an ba sarauniyar darar Turawa damar zarcewa ko'ina, bayan a da gida ɗaya take takawa a karkace, wasan kuma ya ƙara armashi. Amma sarauniya ɗaya ce tak ga kowane ɓangare, rasa ta kuma babbar asara ce. Ƙarfin ya zo da haɗarinsa. Za a kuma ce dokar yanayi za ta wahalar da ɗan koyo. Sai dai jimla guda ta isa bayyana ta, yaro zai gane cikin minti ɗaya, gwanintarta ce ke ɗaukar shekaru, yadda dara take.

Don haka matasanmu masu koyon rubuta manhaja, kafin ku kawo sabuwar dokar tafiya, ku tambayi kanku me mai wasa zai rasa in ya yi amfani da ita. In amsar babu ce, a ajiye ta.