Mako Guda a Duwatsun Shere: Yadda Muke Shirya Zangon Hawan Dutse

Kowace shekara idan dogon hutu ya gabato, iyaye sukan tare mu da tambaya guda: me zai sa a kwashi yara a kai su kwana bakwai a kan dutse, ga shi kuma damina ta yi tsakiya? Tambayar tana kan hanya. Shi ya sa muka ga ya dace mu bayyana yadda Ƙungiyar Hawan Dutse ta makarantarmu take gudanar da wannan zango, da dalilin dokokin da muke bi.

Duwatsun Shere suna gabas da birnin Jos, tafiyar kimanin kilomita 10. Ƙololuwarsu ta kai mita 1,829 daga doron teku, babu inda ya fi ta tsawo a duk tudun Jos. Birnin kansa yana kan kimanin mita 1,200. A nan ne kuma akwai makarantar horo ta Man O' War, wadda asalinta ya faro a 1951 a bakin teku kusa da Limbe, cikin Kamaru ta yau.

Abu na farko da sabon ɗalibi yake raina wa shi ne sanyi. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. Wato tsakanin Jos da ƙololuwa akwai bambancin kusan digiri 4. A ji kamar kaɗan ne, amma idan riga ta jiƙe, iska kuma tana kaɗawa, jiki yana rasa ɗuminsa da sauri. Wanda ya soma karkarwa, maganarsa tana sarƙewa, dole a tuɓe masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi da bargo, a ba shi shayi mai zafi. Don haka kowa yana ƙulle rigar sanyu da tufafi busassu cikin leda a jakarsa.

Ranar farko ba ma hawa ko'ina. Mukan je mu gai da mai unguwa, domin duwatsun nan ƙasar mutane ce, da gonakinsu na acca da wuraren da ba a shiga. Shi ne yake haɗa mu da ɗan jagora. Sa'an nan mu kafa tantuna a kan tudu, nesa da bakin rafi. Rana ta biyu da ta uku na koyo ne: karanta taswira, aiki da kamfas, ɗaurin igiya da gajerun tafiye-tafiye don ƙafa ta saba. Ta huɗu a huta, a wanke kaya. Ta biyar a nufi ƙololuwa. Ta shida mun ajiye ta ko da ruwa zai hana mu hawa. Ta bakwai a share wuri, a koma gida.

A kan hanya malami ɗaya yana gaba, ɗaya yana baya, kuma da saurin wanda ya fi kowa rauni ake tafiya. Kowane rukuni yana da usur, tocila da akwatin magani. Ruwan rafi sai an tafasa. Mai zawo ana dama masa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri cikin lita guda. Idan maciji ya sari wani, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya. A hana shi motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti. Tsofaffin ramukan kuza da suka cika da ruwa kuwa, babu mai wanka a cikinsu.

Dokar da ta fi yi wa ɗalibai ciwo ita ce ta ƙarfe 12. Da rana ta take tsaka, ko mun kai ko ba mu kai ba, sai mu juya. Hadarin tsawa ya fi tasowa da yamma, dutse kuwa idan ya jiƙe santsi gare shi kamar sabulu. Idan aka ga walƙiya sai a ƙirga: kowane daƙiƙa 3 kafin a ji tsawa, nisan kilomita guda ke nan.

Wata shekara hazo ya rufe mu muna dab da kaiwa. Muka ce a juya. Wasu 'yan aji shida suka yi fushi, don ita ce shekararsu ta ƙarshe. Mun ƙetare wani rafi ruwa iya idon sawu. Da yamma ɗan jagoranmu ya nuna mana shi ya kai ƙugu. Da mun ƙara awa biyu a sama, da a can za mu kwana ba bargo.

Masu son zuwa baɗi su kawo takardar yardar iyaye, su ga ma'aikaciyar jinya ta makaranta, su kuma soma sa takalman da za su hau da su tun yanzu. Sabon takalmi a kan dutse kanta yake jawowa.