Sirrin amon jita mai tsada, da abin da hunturun Sakkwato ke yi mata

A watan Yunin 2020 aka yi gwanjon wata jita ta marigayi mawaƙin Amurka, Kurt Cobain, a kan dala miliyan 6. Sunan mai ita ne ya kai ta nan. Sai dai ko sababbin jitoci na Martin, kamfanin da ya ƙera ta, wanda aka kafa a 1833, sukan ci dubban daloli. Shin mene ne mai saye ke biya?

Ba tsirkiya ba ce. Tsirkiya ita kaɗai ba ta da wani amo na kirki; aikinta shi ne ta girgiza fuskar jitar, fuskar kuma ta kaɗa iskar da ke cikin akwatin. A jita mai daraja, fuskar tsantsar katako ce na wani itace mara nauyi na ƙasashen sanyi, an fiƙe shi har kaurinsa bai wuce milimita 3 ba. Shi ya sa ko ɗan taɓawa aka yi sai ta amsa, ƙasan amon ya yi kauri, samansa ya fito garau, kuma ya jima bai mutu ba. Mai araha kuwa, falle-fallen katako ne aka manne da gam, amonta a shaƙe. Baya da gefuna ma suna da nasu rabo, shi ya sa tsofaffin da aka yi da katakon rozwud na Brazil, wanda aka ƙuntata cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1992, suke ƙara kuɗi.

Duk wanda ya taɓa sauraron molo ko garaya a ƙauyukan Bodinga da Shagari ya san wannan hikima, domin a can ma fatar da aka ɗaure a kan ƙoƙon ce ke magana. Bambancin shi ne fata ta san ƙasarta: da damina takan saki, makaɗi ya ɗan gasa ta a gefen wuta ta dawo daidai.

Katako ba ya yafiya haka. Maƙeran jita suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, alhali a wannan yanki yakan faɗi ƙasa da kashi 20 daga Disamba zuwa Fabrairu. Siririn katakon nan sai ya tsuke, ya lotsa, daga bisani ya tsage. Abin takaicin ma, mai tsadar ce ke fara fashewa, mai arahar na nan garau.

Don haka ɗan kasuwar da ya yi wa ɗansa tsarabarta daga Dubai ko Legas, ya tabbatar tana kwana a cikin akwatinta a rufe, tare da ɗan jiƙaƙƙen soso a cikin roba mai huji, yadda ruwa ba zai taɓa katakon ba. Kada kuma a bar ta a but ɗin mota da rana tsaka, domin zafin kan sassauta gam.